Fentin da Jannatu Ta Shafa wa Randa

Malam Shamsuddeen mai koyar da kemistiri ba ya shiga aji hannu sake. Ran nan da 'yar kwalbar sifirit ya shigo, ya bi ɗalibai yana ɗiga wa kowa a bayan hannu. Zafin bazara ya dafa garin Kibiya, amma da ɗigon ya taɓa fatar Jannatu sai ta ji sanyi, kafin ta duba ya ɓace.

"Ina ya tafi?" in ji Malam. "Ya zama tururi. Kuma ruwa ba ya zama tururi a banza, sai ya kwashi zafi daga abin da yake kai. Zafin hannunku ya ɗauka ya tafi da shi. Haka randar gidanku take yi. Ruwa ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin cikin."

Jannatu ta tuna randar gidansu. Ta ɗaga hannu.

"Malam, to in aka shafa wa randar fenti fa?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce, "Ai kin toshe ta ke nan. Ta tashi daga randa, ta koma bokiti."

Ba ta ƙara jin komai ba. Mahaifinta, Malam Ubaidullahi, yana da ciwon suga, kullum sai an yi masa allura, maganin kuwa ba ya son zafi. Tun da babu firiji a gidansu na ƙauyen Nariya, ma'aikaciyar asibiti ta koya musu dabara: ƙaramar tukunya a cikin randa, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kwalbar maganin a cikin tukunyar. Jannatu ce mai jiƙa yashin safe da yamma, kuma ta gaji da randar da ke shanye ruwa tana jiƙa daɓe. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce ta samu ragowar fentin ƙofa, ta shafe randar tas da shuɗi. Tsattsafo ya tsaya. Har maƙwabta aka kira su ga wayon 'yar boko, ita kuwa tana ta hura hanci.

Tun daga lokacin Baba yake ramewa, yana shan ruwa ba ƙoshi, yana zaryar banɗaki.

Ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ta tare mai babur, suka kama hanyar gida tana ta cewa ya ƙara wuta.

Ta tarar da Baba kwance a tabarma, leɓensa a bushe. Umma, mahaifiyarta, tana durƙushe gaban randa, ta ciro kwalbar tana shirin zuƙa a sirinji.

"Umma, kar ki yi masa!"

Ta cusa hannu cikin yashin. Ɗumi ta ji, irin na kunun da ya fara hucewa. Sai ta zauna daɓas ta fashe da kuka, tana faɗin abin da aka koya musu, kalmomin suna harɗewa. Maganin ya lalace tun tuni, ta ce, kuma ita ta lalata shi. A kai Baba asibitin Rano yanzu-yanzu.

Jannatu ta zaci mari zai biyo baya, ta ma fi son hakan. Amma Umma ko kallonta ba ta yi ba. Mijinta take kallo, baki buɗe, har sirinjin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi.

"Innalillahi," ta ce. "Malam, kwana nawa ina rage maka tuwo? Na ce kana zuwa wurin mai shayi a ɓoye kana shan suga. Ka rantse mini sau uku, a gaban yaran nan na ce ƙarya kake yi."

Da ƙyar Baba ya motsa leɓe.

"Ban sha ba, Laraba," ya ce. "Ko sau ɗaya."