Takobin Mijin Fusae

Ina jiran a yanka mini awara na ji matar wanzami tana rantsuwa wai takobin da ke gidan Fusae na kakanni ne, ya shekara ɗari huɗu. Ni na koyar da tarihi har na yi furfura, kuma marigayi mijina ya cika mini gida da takubban sojoji kafin ya tafi. Mijin Fusae ɗan manomi ne. Ina manomi ya samo takobin kakanni? Na ɗauki awarata na nufi gidanta.

Maƙwabciyata ce, katangar gora ce kawai a tsakaninmu. Na same ta kwance a shimfiɗa, ta daina cin komai sai kunun shinkafa. Ɗanta Noboru yana durƙushe a gefe da rigar ofis.

"Malama, ni kika zo dubawa ko ƙarfe?" in ji ta.

"Ƙarfe. Ke ai na san shekarunki."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Kowa a layinmu ya san akwatin da sojoji suka kawo mata da sunan ƙasusuwan mijinta, dutse ne a ciki. Takobin wani abokinsa ne ya kawo. Da yaƙi ya ƙare Amurkawa suka bi gida-gida suna karɓe takubba, ta naɗe shi da ɗamarar aurenta ta cusa a rufin ɗaki.

Noboru ya ce, "Zan kai a yi masa rajista. Ma'aikacin gwamnati ne ni, ba zan zauna da makami babu takarda ba."

"Bari mu gani tukuna, yaro."

Ya miƙo mini takobin, na ƙwanƙwasa ɗan tsinken goran da ke riƙe ƙotar, na zare ta. A gindin ƙarfen ake karanta takobi. Takobin zamanin da, tsatsarsa baƙa ce wuluk. Wannan kuwa ja-ja ce sama-sama, ga kuma ɗan ƙaramin hatimin fure da masana'antun yaƙi suke bugawa. Doka ta ce wanda maƙeri ya ƙera da hannu kayan tarihi ne, a ba shi takarda. Na masana'anta makami ne, a yanka shi.

Fusae ta kalli fuskata ta gane.

"Ni na fara faɗa wa matar wanzami cewa na kakanni ne," in ji ta. "Na ɗauka in aka yi ta faɗa, zai tsufa."

"Ƙarfe ba ya jin gulma, Fusae."

"Baban mijina dokin noma ya sayar ya saya masa, ranar da aka ƙara masa girma. Noboru, kar ka bari su yanka mini shi."

Noboru ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa na tare shi, na ce ya mayar da abin cikin rufi ya yi shiru.

"Malama, ke da kika koya mana bin doka?"

"Na kuma koya muku tambayar wa ya rubuta ta. 'Ya'yan manya sun tafi yaƙi da takubban gidajensu, yau suna kan matashin siliki da takarda. Ubanka aka ce ya sayi nasa, aka tura shi ya mutu da shi, yanzu kuma an ce nasa ba shi da asali."

"Aikina fa, Malama."

Fusae ta rasu da safe, lokacin da ake rataye 'ya'yan itace a barandu su bushe. Noboru ya jira aka gama addu'o'in makoki, sannan ya kai takobin wurin rajista. Ko shayi ban ƙara ba shi ba.

Takobin ba na kakanni ba ne. An ƙera shi a masana'anta ana tsakiyar yaƙi, an yanka shi gida uku da injin yankan ƙarfe. Kuben da ƙotar kawai suka dawo wa Noboru da su. Suna nan gaban hoton Fusae, kusa da ƙwaryar turare da ɗan kwanon shinkafa.