Kwat Ɗin Kawu Kun

"Ɗaga hannun mana," in ji Pan Hsiu-luan, da tef ɗin awo a wuyanta. "Ko shi ma sai na ɗaga maka?"

A-Kun ya ɗaga hannayen da ƙyar. Robar iskar da ke hancinsa ta zame, ya mayar da ita da babban yatsa. Yana zaune a bakin gado cikin singileti, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje. Ta zagaya ƙirjinsa da tef, ta duba lambar, ta rubuta a bayan wata tsohuwar kalanda ba ta faɗa ba.

"Nawa?"

"Ina ruwanka?"

"Kayana ne fa, Tela."

"In ka sa ka gani."

"Ai ba ni zan gani ba. Ku za ku gani."

Ta daki gwiwarsa da fensir. Kwat ya ce ta ɗinka masa, ruwan toka, da farar shat, kayan da za a sa masa a akwati. Likita ya ce huhun ya gama aiki, aka sallamo shi gida da tukunyar iska, shi kuwa tun a mota ya fara zancen yadi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan Pan tana da shagon ɗinki a ƙasan benen, a wani lungu na unguwar Wanhua a birnin Taipei, A-Kun yana hawa na biyu, rumfarsa ta gyaran babur tana tsallaken lungun. Kowa ya san katin shaidarsa mace ya ce, sunan da ke jiki Yeh Yu-chiao, amma in ba mai kawo wasiƙa da ma'aikatan asibiti ba, babu mai kiran wannan suna. Yaran lungu Kawu Kun suke cewa. Pan ba ta taɓa tambayarsa ko shi mene ne ba. Wandunansa take rage wa tsawo, shi kuma in keken ɗinkinta ya tsaya ya sauko da sukuddireba.

Tana naɗe tef Yi-an ta shigo, da ledar kunun shinkafa a hannu ɗaya, ƙunshin ƙyallaye a ɗayan. Yi-an 'yar ƙanen A-Kun ce, shekararta talatin da biyar, tana aiki a wata maɗaba'a. Ta aske gefen kanta ɗaya, ta daɗe da gaya wa kowa cewa ita ba mace ba ce ba kuma namiji ba. Pan ta taɓa tambaya, "To me zan ce miki?" Ta ce, "Yi-an kawai, Inna Pan. Sauran duk yadda bakinki ya saba."

"Baffa, sauran mako uku tattakinmu na masu tutar bakan gizo," in ji Yi-an, tana baza ƙyallayen a kan bargo. "Na kawo tutoci ka zaɓi taka."

A-Kun ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu. "Wannan ta wace ƙasa ce? Suna buga ƙwallo?"

"Baffa!"

"Ni mai bakan gizo na sani. Yaushe kuma ta haihu haka?"

Yi-an ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai shuɗi da ruwan hoda ta waɗanda suka bar jinsin da aka rubuta musu suka koma ɗayan ce. Mai rawaya da baƙi ta waɗanda ba sa cikin biyun. Sannan ta ɗauko mai layi uku, shunayya mai haske a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, ta shimfiɗa ta a cinyarta tana gyara bakinta.

"Wannan ce tawa. Shunayyar haɗin launin maza ne da na mata, farin na wanda bai ɗauki ko ɗaya ba, koren na wanda ya fita daga layin gaba ɗaya. Ina ganin kai ma nan kake, Baffa. Ko mai shuɗin." Ta faɗi sunayensu da Turanci.

Ya gwada maimaita ɗaya, harshen ya ƙi, dariya ta taso masa ta koma tari. Sai da Pan ta dafa bayansa ya lafa.

"A zamaninmu suna biyu ne," ya ce. "Mahaukaciya, da 'yar iska. 'Yan sanda ne suke rabawa, kyauta. Ina da shekara ashirin suka kwashe ni a bakin sinima saboda wando da aski, na yi kwana uku. Da na fito na sake askin. Ban san sunan abin ba na yi shekara hamsin ina yin sa, yanzu kuma da ƙafa ɗaya a waje za ki sa ni jarrabawa?"

"Ba jarrabawa ba ce. Ni ranar da na ga sunan nan a waya, kuka na yi a cikin jirgin ƙasa. Na ce ashe akwai wasu."

A-Kun ya dube ta, ya daina dariyar. "To ki riƙe abinki da kyau. Ni A-Kun ne. Zubo kunun."

Ta kwashe tutocin fuskarta ba walwala. Mai layi ukun ta manta da ita a ƙarƙashin bargo.

Bayan kwana biyu Pan ta hau da kwat ɗin, an dafa shi da farin zare, don ya gwada. Ya tsaya a gaban madubi yana riƙe da bango, ya juya kafaɗa. Sannan ya zaro tutar daga ƙarƙashin matashi ya miƙa mata.

"Yanki kaɗan ki sa min a aljihun ciki. Duka launi ukun su fito."

"Ka ce ba taka ba ce."

"Ba tawa ba ce. Ta yarinyar ce. Ubanta ba ya ko kallon abin. Bari wani a gidan ya tafi da ita." Ya numfasa. "Kada ki gaya mata, sai ta ɗauka ta ci ni da gardama."

Ranar wata Laraba ya rasu, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Pan ta hau da ruwan zafi a filas, ta tarar da shi a kujerar kusa da taga, rediyo na ta zancen farashin kabeji. Ya ce mata ƙafafunsa sun yi sanyi. Ta durƙusa tana sa masa safa, ta gama ɗaya, ta ɗago za ta ce ya miƙo ɗayar, sai ta ga kansa ya kwanta gefe. Ta kira sunansa sau biyu. Ta sa masa ɗaya safar, ta kashe rediyon, sannan ta buga wa Yi-an waya.

Washegari da safe ƙanensa Yeh Tien-fu, mahaifin Yi-an, ya iso daga Taichung. Tsohon malamin makaranta ne, rigarsa a ɓalle har wuya. An riga an kai gawar ɗakin sanyi. A falon A-Kun an kafa ƙaramin tebur da hoto da kaskon turare, ma'aikacin kamfanin jana'iza yana zaune da takarda yana jira a gaya masa abin da zai rubuta a allon mamaci, wanda dangi ke ajiyewa don tunawa da shi, da kayan da za a sa wa gawa.

Tien-fu ya buɗe jaka ya fito da doguwar rigar mata, shuɗiya mai furanni, sabuwa dal.

"Yeh Yu-chiao za ka rubuta, mace," ya ce wa ma'aikacin. "Ga kayan."

"Baba, wannan rigar wa za a sa wa?" in ji Yi-an.

"Gwaggonki."

"Ba ni da gwaggo. Baffa ya ɗinka kayansa. Kuma tuta zan lulluɓa wa akwatin."

"A kan gawar yayata? Ki kai tutarki titi, can ne wurinta." Ya ɗora hannu a kan rigar. "Uwarmu 'ya mace ta haifa. In yaya ta isa lahira da kwat da wani suna, wa zai gane ta? Kuɗin takardar da za mu ƙona mata, da wane suna zai same ta?"

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai yana duba bironsa. Pan tana tsaye a bakin ƙofa da kwat ɗin a leda, a rataye a hannunta. Ba ta yi niyyar sa baki ba, amma ita ta yi awon.

"Malam Yeh," ta ce, "in tambaye ka. In an gama, ina za a ajiye allon?"

Tien-fu ya juyo ya dube ta.

"'Ya macen da ba ta yi aure ba, ba a ɗora allonta a teburin kakanni na gidan ubanta. Kai ka fi ni sani. Sai dai ka kai ta wani haikali, cikin baƙi, ka bar ta can. Haka kake so? Wanda ya bar makaranta ya shiga baƙin mai don kai ka zauna a aji?"

"Wannan maganar gida ce, Uwargida Pan."

"Haka ne. Ni dai safa na sa masa."

Ta juya wajen Yi-an. "Ke ma ki saurara. Ya gaya miki a gabana bai zaɓi ko ɗaya ba. Ba za ki lulluɓe shi da abin da bai ce ba." Ta zare ledar, ta buɗe kwat ɗin, ta juyo aljihun ciki waje. "Iyakar abin da ya ce a sa ke nan. Ya ce taki ce, yana so wani a gidan ya tafi da ita. Ya ce kada in faɗa. To na faɗa, ya zo ya kama ni."

Yi-an ta taɓa ɗan ƙyallen da yatsa, ta juya ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo.

Tien-fu ya daɗe yana kallon aljihun. Can ya laluba nasa aljihun ya fito da kwabbai biyu, ya tsaya gaban hoton, ya kunna turare. Haka ake tambayar mamaci: in kwabban suka faɗi ɗaya a kife ɗaya a buɗe, ya yarda; in duka a kife, ya ƙi; in duka a buɗe, dariya yake yi.

"Yaya Yu-chiao," ya ce, "ga rigar da na kawo miki. Kin karɓa?"

Ya saki. Duka biyu a kife. Ya tsince ya sake, duka biyu a buɗe.

"Tana dariya," in ji ma'aikacin a hankali.

Pan ta ga jifan kwabbai da yawa a rayuwarta, ta san yadda suka ga dama suke faɗuwa. Tien-fu ya share goshi, ya gyara murya.

"Yaya... A-Kun. Kwat ɗin ne?"

Ya saki, ɗaya kwabon ya gangara ƙarƙashin firiji. Sai da tsohon malamin ya kwanta rub da ciki, Pan ta miƙa masa rular ɗinkinta, ya jawo shi da ƙura da wani tsohon noti. Ya duba fuskar da ya fito da ita, ya duba ɗayan da ke ƙasa. Bai nuna wa kowa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ninke shuɗiyar rigar ya mayar jaka.

"Rubuta Yeh Yu-chiao, don Mama ta gane," ya ce wa ma'aikacin. "A gefe ka sa A-Kun."

"Mace ko namiji, ranka ya daɗe? Akwai gurbi."

"Bar gurbin. Rubuta babban gidanmu." Ya dubi hoton. "Allon kuma gida zan kai shi. Kusa da na Baba."

Ranar Asabar ce ranar tattakin. Yi-an ta ce ba za ta je ba, ana cikin makoki. Uban yana jera lemu a faranti, bai dube ta ba ya ce, "Jeki ki dawo kafin turaren yamma. Ni ina nan." Ta ɗauki jakarta ta sauka.

Da azahar Pan ta rufe shago ta hau da daurin takardu masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake naɗewa a yi furen da za a ƙona wa mamaci. Ta tarar Tien-fu ya jawo kujera kusa da teburin, ya ninke tsohuwar rigar aikin A-Kun a kai, a ƙasa ya jera silifas ɗin roba masu tabon baƙin mai, kansu ɗaya.

"Ban iya naɗin nan ba," ya ce. "Matata ce ke yi."

"Zauna. Kusurwa zuwa kusurwa, ka danne da farce."

Suka zauna suna naɗi. Nata furannin suna fitowa a tsaye, nasa suna karkacewa gefe guda. Duk wanda ya gama sai ya juya shi a hannu ya duba, ya ajiye shi a cikin kwandon tare da nata.