Gawayin Dokta a Chikaji

Shekara goma sha ɗaya Malam Umar Faruk ya yi a ɗakin gwajin ƙasa a Samaru ba ƙarin girma. Waɗanda ya koya wa wanke kwalba yanzu su yake cire wa hula. An ce sai ya rubuta bincike, shi kuwa rubutun da ya ƙware a kai bai wuce takardar neman hutu ba.

Sai ya tuna da lambun Maman Kachi a Chikaji. Da ruwan kwata take shayar da alayyahu, kwatar kuma ta bayan masu fasa tsohon batir take biyowa, ɗauke da dalma. Ya ƙona totuwar masara a rufaffen durom ta zama gawayi, ya cika buhu shida, ya jera inda ruwan ke shiga lambun.

"Dokta, wannan fa?" in ji Maman Kachi. Ba dokta ba ne, amma bai taɓa gyara mata ba.

"Dattin ruwa yake tsotsewa, Madam."

Bai ce guba ba. Da ya faɗa, unguwa za ta tashi, a wurin aiki a tambayi wanda ya ba shi izini. Bai kuma ce abin da gawayin ya tsotse yana nan zaune cikinsa ba.

Bayan wata uku ya dawo a babur don ya kwashe buhunan ya auna. Ɗaya ya tarar.

"Ina sauran?"

"Haba Dokta, wa ke barin gawayi ya lalace a kwata? Na shanya. Huɗu na gasa masara da su. Ɗaya na Baban Kachi ne."

Ta kai shi rumfa, inda mijinta Amaechi, tela, ke zaune kusa da keken ɗinkinsa. Ciwon ciki ya dame shi, a garinsu kuwa gawayi ake daka wa mai ciwon ciki. Ita ta ga gawayin da ya wanke kwata, hanji ba zai gagare shi ba. Cokali guda a koko, safe da yamma, wata biyu ke nan.

"Ciwon ya ƙaru, sai na mayar cokali biyu," in ji ta.

Amaechi ya miƙo hannu, hannun ya langaɓe daga wuyansa. Ya yi murmushi, Malam ya ga shuɗin layi a dasashinsa, irin na hoton littafi a babin gubar dalma.

"Allah ya biya ka, Dokta. Almakashi ne kawai ya ƙi riƙuwa," in ji Amaechi.

"Ko mu je asibiti?" in ji matar.

Malam ya buɗe baki. A asibiti za a tambayi inda gawayin ya fito. Ya hango kwamiti, ya hango kansa a kujerar tsakiya.

"Gajiya ce. A dakata da maganin, a ba shi madara."

Ya ɗaure buhun a babur, ya haɗa da ragowar gawayin da take daka wa mijin. Ta cusa masa gasasshiyar masara biyu a leda.

Sakamakon ya yi kyau ƙwarai: gawayin cike yake da dalma. Ya rubuta cewa ruwan sama ya tafi da buhu biyar. Da damina ta kewayo aka ƙara masa girma, aka ba shi kujera mai juyawa.

Masarar da ta ba shi kuwa, tun a kwanar farko ta hanyar komawa ya jefar da ita, ya wanke hannu sau biyu. Mutum ne mai kula da lafiyarsa.