Wandon Masu Hawa Kujera

"Ɗauke min wannan bargon daga gabana," in ji Baba Otmar, ya ture wandon da sandarsa har ya faɗi ƙasa.

Glenys mai shagon ta sunkuya ta ɗauka, ta kalle ni. Ni kam raina ya gama ɓaci. Tun safe na ajiye aikina na ɗauko shi a mota, da shi da tukunyar iskar numfashin da yake ja a baya, ga rana ta yi mana kan wando ɗaya.

Maƙwabcina ne a Jindabyne, garinmu na gindin duwatsu masu ƙanƙara, shinge kawai ya raba mu. Duk zamanmu ban taɓa ganin ya hau kujerar da waya ke ja zuwa saman dutse ba. Da ƙafarsa yake hawa, can bayan duwatsu inda ba kowa, sannan ya zamo ƙasa a kan ƙanƙara, da katakon zamiya ɗaure a ƙafafunsa. Mu masu hawa kujera kuwa, buhunan dankali yake ce mana. Yanzu huhunsa ya gaji, ya rame har tsohon wandonsa ba ya zama a ƙugu. Likita ya yarda ya je ya taka ƙanƙara sau ɗaya kafin ta narke, amma a kujera. 'Yarsa Kirsten kuma ta bugo daga Sydney ta ce ba inda za shi sai da wando mai shafin auduga.

"Miƙo min wancan marar shafi, mai zif a gefen cinya."

"Otmar, wancan na masu hawa da ƙafa ne," in ji Glenys. "Zif ɗin don shan iska ne in gumi ya karyo. Kai gumin me za ka yi a zaune? Sanyi zai gama da kai tun ba a je rabin hanya ba."

"Ke ce za ki koya min wando? Ina hawan dutse kina rarrafe."

"To yau dai matakalar shagona ma sai da Noelene ta riƙe ka," ta ce tana nuna ni.

Hannu rabbana muka fito. A mota na kasa haɗiye maganar.

"Haba Baba! Wando ne fa. Wa zai tsaya kallon ƙafarka a can sama?"

"Yarinya, ba ki gane ba." Jikokina uku, amma yarinya nake a bakinsa. "Ranar da na sa abin nan aka ɗora ni a kujera, na yarda ke nan na ƙare."

"To taurin kai ne zai ɗauke ka ya kai ka?"

Ya juyar da fuska taga.

Iska ta soma ɗumi. Kullum farin dutsen ƙara janyewa sama yake. Aka sanar ranar Lahadi za a tsayar da kujeru sai baɗi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai masa miya na dawo da ita don haushi. Kirsten ta yi kuka a waya. Mutumin nan ko gezau.

Sai ranar Laraba ya ƙwanƙwasa shinge da sandarsa.

"Je ki ɗauko bargon. Kuma ki ce wa Glenys naki ne."

Da gudu na je. Na taya shi sawa a falo, yana haki, yana zagin wanda ya ɗinka. Da ya zauna sai ya shafa gwiwa.

"Ja'irin wando, ashe ɗumi gare shi."

Muka tsayar da Asabar. Ranar Juma'a ruwa ya kece, ruwa mai ɗumi, yini guda ba sassauci. Kafin yamma ƙanƙarar ta zama taɓo, aka rufe kujeru. Na shiga gidansa a jiƙe, ban ko sassauta murya ba.

"An rufe! Da ka ji magana tun ranar nan, da yanzu ka je ka dawo!"

"Baɗi ma shekara ce," ya ce.

Na kalle shi, ya kalle ni. Na fita don kada ya ga idona.

Ba a rufa mako ba, wata safiya mai sanyi na leƙa ta shinge na ga ƙofar bayansa a buɗe, tukunyar iskar a jingine a bakin ƙofa. Bayan gidansa akwai ɗan tudu, a samansa ake tara itace, daga nan ake hango kan dutsen. Can na same shi zaune a kan gungume, sanye da sabon wandon, kansa ya jingina da itacen. Na taɓa hannunsa, ya yi sanyi.

Na zauna kusa da shi ina jiran motar asibiti. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, sawunsa ya fito sarai tun daga ƙofa har saman tudun, taku gajeru-gajeru, nan da can alamar inda ya tsaya ya huta. Rana ta ɗago, sawun ya fara narkewa daga ƙasa.