Auren Iya Duniya

Duk ranar Lahadi in an taso daga coci, 'yan gidan kan hallara a barandar Verlan, can ƙarshen gonar tuffa a Chihuahua. Su ci wake da burodin gida, in ciki ya ɗauka sai su tono Kaka Erastus daga kabarinsa su yi masa shari'a. Shi ne ya kwaso matansa huɗu daga Utah a keken shanu, ya tsallako iyaka da su zuwa nan, lokacin da hukuma ta fara kama masu mace fiye da ɗaya. Cocinsu na Mormon ya daɗe da hana irin wannan aure, amma gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

"Kwaɗayi ne kawai, Yaya," in ji LaRue, ƙanwar Verlan, wadda ko bishof yana shakkar bakinta. "Wahayin ƙarin auren nan bai tashi saukowa sai an ga kyakkyawa? Ni dai ban taɓa jin ya sauko a kan mai haƙori ɗaya ba."

"Ke LaRue, ki ji tsoron Allah," in ji Merrill, autansu. "Umarni ne a yawaita zuriya. Da kuka mutanen nan suka karɓa."

"Matan ne suka yi kukan. Shi na ga hotonsa, har da kumatu."

Verlan ya ajiye cokali. Hujjarsa guda ce, kowa ya haddace ta.

"To matarsa ta huɗu fa? Matar abokinsa da ya rasu ce, da ɗaurin auren mamacin a kanta. Ya ciyar da ita, ta haifa masa 'ya'ya, alhali ya san a lahira ko ɗaya ba nasa ba ne. Wane mai kwaɗayi ne zai yi noma a gonar da wani zai girbe? Tausayi ne."

Aure a wurinsu iri biyu ne. Wanda aka ɗaura a haikali, babban ɗakin ibadarsu, na har abada ne, mutuwa ba ta kwance shi, kuma mace mai rai ɗauri ɗaya take da shi. In mijin ya mutu ta sake aure, na biyun iya duniya ne. 'Ya'yan da ta haifa daga baya ma, a faɗar tsofaffi, layin mijin farko suke bi.

"Yaya," in ji LaRue, "Kaka kake karewa ko kanka?"

Merrill ya taka mata ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Nedra, matar Verlan, tana budurwa aka ɗaura mata da wani saurayi mai suna Arlo. Ba su yi shekara ba ya shiga kogi a kan doki ranar ambaliya. Dokin ya dawo, shi ko takalminsa ba a gani ba. Verlan ya aure ta auren iya duniya, suka haifi biyar, suka tsufa tare. Shi ya san ba tausayi ya kai shi ba. Son ta yake yi, son da har yau in ta yi tari yake jin sa a ƙirjinsa.

Abu ɗaya ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan. Bishof ya taɓa gaya masa cewa bayan sun mutu 'ya'yansu za su iya shiga haikali a ɗaura musu a madadinsu, can kuma ita za ta zaɓa tsakanin su biyu. Bai taɓa tambayarta wa za ta zaɓa ba, don tsoro. Ya yi ta jira har mantuwa ta cinye mata kai. Tun farkon bazara ba ta ce uffan ba, ko maɓallin riga sai Treva, babbar 'yarsu, ta saka mata.

Ana cikin haka iska ta ɗauke, ganyen tuffa ya tsaya cak. Karnukan gidan biyu suka shige ƙarƙashin baranda suka lafe. Sai Verlan ya ji ƙarar ruwa. Lambatun ban ruwa da ya bi ta bakin ƙofar shinge yana gudu, cike, ruwan ja wur da laka.

"Wa ya buɗe ruwa ranar Lahadi?" in ji Merrill. "Yau ba ma ranar ban ruwanmu ba ce."

"Wane ruwa?" in ji LaRue, muryarta ta yi ƙasa. "Kogin a bushe yake, ɗazu muka tsallako shi da mota."

Warin laka ya cika barandar, da sanyi-sanyi da tsakar rana. Ƙofar ɗaki ta buɗe, Nedra ta fito. Ta sa fararen kayanta na haikali, waɗanda aka ajiye a ƙasan akwati don ranar binne ta. Kowane maɓalli a ɗaure yake daidai, gashi a taje. Treva ta biyo ta da kwano a hannu, baki buɗe.

"Baba, wallahi ba ni na shirya ta ba."

Nedra ba ta dubi kowa ba. Ƙofar shingen take kallo, inda babu komai sai ruwan, tana murmushi irin na amarya.

"Treva, kira ƙannenki," in ji ta, muryarta tas. "Babanku ya iso."

"Mama, ga Baba nan zaune."

Sai a lokacin ta juyo. Verlan ya miƙe. Ya ga idonta ya washe, ta gane shi sarai, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Ta miƙa masa hannu suka gaisa, yadda ake yi wa baƙo a ƙofar coci.

"Ɗan'uwa Verlan, Allah ya saka da alheri. Ka riƙe mu da kyau, ba mu da ƙorafi ko kaɗan. Zan gaya wa Arlo."

Ya ƙi sakin hannun. Tambayar da ya haɗiye tun yana saurayi ta fito da kanta.

"Nedra, ni fa?"

Ta dube shi da tausayi, ta ɗan shafa bayan hannunsa.

"Kada ka damu. Mutumin kirki irinka, can za a samo maka wata."

Ta zare hannunta, ta tattare gefen rigarta don kada ta jiƙe, ta fara sauka daga matakala.