Waken Duniyar Mas da Akuyar Iya Efosi

Duk Bokwango an san hannun Iya Efosi. Ko tsinken tsintsiya ta soka a ƙasa sai ya yi shawarar fitar da ganye. To wannan matar aka bar wa gadin tukwanen wake ashirin masu fama da yunwa, aka ce kada ta saka musu komai. Ai ka ji neman magana.

'Yarta Limunga ce ta jawo. Ta yi karatun duwatsu har ta zama dakta, ta dawo gida tana hawan Dutsen Fako mai aman wuta da buhu, tana kwaso baƙin dutsen nan da wuta ta amayo. A niƙa, a tankaɗe, a gasa a tanda har duk wani abu mai rai ya mutu, a barbaɗa garin tsatsa da wani gishiri mai ɗaci, sai ta ce wai ga kwaikwayon ƙasar duniyar Mas, wadda ke can sararin samaniya. Masu shirin tura mutane can suna son sanin ko abinci zai fito a cikinta.

"Ke Limu," in ji Iya, "ƙasar da ke ciyar da gari kika kashe da wuta, sannan ki tambaye ta abinci?"

"Iya, haka ta can take."

"Allah sarki mutanen can."

"Babu mutane a can."

"Yo ina za a samu, da wannan ƙasa!"

Jami'a ba ta da wurin ajiye tukwanen, don haka Limunga ta kafa rumfar leda a bayan gida, ta jera su layi biyu. Da tafiyar mako uku ta kama ta zuwa Yawunde, ta damƙa wa uwarta kwalbar awo.

"Ruwa kawai, Iya. Daidai wannan zanen, kowace safiya. Ki rantse."

"Ni za ki koya wa ban ruwa? Tafi abinki, motarki za ta tashi."

Kwana huɗu Iya ta daure, kuma a yaba mata. Amma ganyen ya yi rawaya, karan ya sirance kamar zare, ita kuwa ko kwakoko, tuwon gwazan garinsu, ta sa a baki ba ta jin daɗinsa. A garinsu, mace ta bar shuka ta mutu a bayan ɗakinta abin kunya ne har ga jikoki. A rana ta biyar ta ɗauki gwangwanin tumatir ta nufi garken akuya. Ta daka busasshen taki da tokar murhu, ta binne a layin baya kaɗai, wai don kada a gane.

Tabɗi! Kafin mako biyu layin baya ya yi kore shar, har yana kama igiyar rumfa.

Ranar da Limunga ta dawo ana yayyafi. Ko jaka ba ta ajiye ba ta leƙa rumfar, sai ihu.

"Iya! Iya, fito! Layin baya! Dutsen da na kwaso a ƙauyen Bakingili ne a layin baya, na gaba na saman Fako ne. Ashe sirrin a dutsen yake!"

Ta rungume tsohuwar ta ɗaga ta sama, tana taka rawa a cikin taɓo da takalmin ofis. Rabon Iya da ganin wannan dariyar tun yarinyar tana firamare, kuma wallahi daɗi ya ratsa ta har ƙashi. Ta so ta bar ta haka.

"Bari in kira shugabanmu na jami'a, Farfesa Ekema. Wata mai zuwa zan tsaya gaban masana in faɗa. Kowa zai niƙa dutsen Bakingili ya gwada!"

Nan Iya ta hango abin da zai biyo baya. Kowa zai gwada, kuma babu wanda ke da akuyarta. Wakensu zai mutu, su ce 'yar Efosi maƙaryaciya ce, sunan da ta yi shekara goma tana ginawa ya zube. Wayar har ta fara ƙara.

"Kashe wayar nan, Limu."

"Me ya faru?"

"Ba dutse ba ne. Akuya ce."

Limunga ta dubi uwarta, ta dubi waken, ta dubi akuyar da ke tuƙa a bakin garke ko a jikinta. Ta zauna a kan bokiti. Iya ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, sai ta ga kafaɗun 'yar suna rawa. Dariya ce, har da hawaye.

"Kai, Iya, kin kashe ni! Nawa kika zuba?"

"Rabin gwangwani kowace tukunya. Taki kashi biyu, toka ɗaya. Zurfin yatsa, nesa da saiwa, ran Talata."

"Duka goman daidai?"

"Ni ce fa. Kin taɓa ganin na yi awo da ka?"

Limunga ta zaro littafinta tana rubutu. Shekara guda tana zuba takin kwalba a wannan ƙasa, gishirin yana cinye shi. Ba ta taɓa ganin ganye mai faɗin wannan ba. Za a sake gwajin daga farko, ta ce, da dutse iri ɗaya, kuma Iya ce mai awo.

Sai ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa.

"Da kin yi shiru, da ba zan taɓa sani ba sai a gaban mutane."

"Na sani. Gara ki ji kunya a bayan ɗakina."

Limunga ta riƙe hannun nan mai kaushi ta matse, sannan ta sake danna wayar.

"Farfesa, barka da yamma. Mun samu sabuwar abokiyar aiki, ga ta nan."

Iya ta karɓa da hannu biyu, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kwari, ta kira shi Mola, yadda ake girmama namiji a garinsu.

"Mola Ekema? Ka gaya wa masu tafiyar nan, in sun tashi, su bar wa akuya kujera."