Jan Ludayi a Gidan Wanki

Da safe ta kwance bandejin hannun 'yarta ta duba. Tafin hannun hagun ya daina ruwa, fatar gefe ta yi fari kamar takardar da ta jiƙe. Ta shafa maganin yadda aka nuna mata a asibiti, ta naɗe da sabo, ta ɗaure. Yarinyar ba ta yi kuka ba, uwar ma ba ta yi ba. Tun ranar da abin ya faru take jiran kuka ya zo mata, ya ƙi zuwa. Tana ci, tana wanka, tana amsa gaisuwa, amma duk kamar wata ce ta ari jikinta take yi.

Ta goya ta suka kama hanyar gidan wanki. Yau ranar zaman ma'aikata ce, kuma ta riga ta yanke a ranta: in aka tashi ba ta ji abin da zai sa ta iya juya wa 'yarta baya ta yi aiki ba, za ta ajiye rigar aikin a kan tebur ta fita. Abin da za su ci bayan nan, wannan ba ta kai ga tunaninsa ba tukuna.

A can kowa Maman Kumfa yake ce mata, domin yarinyar ba ta da abin so kamar kumfar da ke gangarowa daga bakin magudana. Da, ko ƙofar gidan ba za ta taka da goyo ba. Akwai manaja a lokacin, wanda suke kira Agogo a bayan idonsa, mutumin da kan tsaya a ƙofar bayi yana duba tsintsiyar hannunsa. Da mai gidan ya tsufa ya bar wa ma'aikata wurin su riƙe, abu na farko da suka yi shi ne ɗauke kujerar Agogo suka mai da ofishinsa ɗakin ajiye barguna. Suka ce daga yau babu oga. Komai sai an zauna, an ji bakin kowa, an ɗaga hannu. Don kada a yi ta cin bakin juna, suka ɗauko jan ludayin robar da ake awon garin sabulu da shi: wanda yake riƙe da shi, shi ke da magana.

Kuma abin ya yi musu rana. Sun gyara lokacin tashi, sun sayi fanka, mai ciwon baya ya samu kujera. Da mahaifiyarta ta kwanta jinya, Maman Kumfa ta rasa mai riƙe mata yarinya, mijin kuma yana can aikin nesa sai a waya, a zaman nan ta ɗauki ludayin ta roƙa a bar ta ta riƙa zuwa da ita. Ba ta ma rufe baki ba hannuwa suka tashi.

"Ɗa na kowa ne," in ji Yaya, babbar cikinsu, mai kula da injinan wanki. "Mu duka za mu duba ta."

Mu duka. Ranar ta koma gida da daɗin kalmar a bakinta.

Sai ga ranar tururi. Tana can baya tana ninke zannuwan gado na wani otal. Rediyo, mai karɓar kayan wanki a teburin gaba, ta ga yarinyar ta nufi wajen guga, ta ce ai Dogo na can. Dogo mai guga ya ga wucewarta, ya ce ai gun Yaya za ta. Yaya ta hango ta ta gefen ido, ta ce ga Dogo nan kusa. Idanu duk sun gan ta, har ta kai bayan injin guga ta dafa bututun tururi.

Yanzu ga su zaune a kan buhunan kaya da bokitan da aka kife, an kashe injina, ɗakin ya yi shirun da ba a saba ji ba. Yarinyar na kan cinyar uwarta tana tsotsar gefen bandeji. An sa wa bututun keji na waya, sabo fil. Ta gani tun shigowarta, ba ta ji komai ba.

Rediyo ce ta fara ɗaukar ludayin. Ta ba da haƙuri, ta yi hawaye, ta ce tun ranar ko abinci ba ya wuce mata.

"Ke?" in ji wani daga baya. "Jiya fa na gan ki da kwano biyu."

"Ludayi na hannuna, ɗan nema! Na baƙin ciki ne, ba ya zama a jiki."

Aka ɗan yi dariya, aka kalli Maman Kumfa, dariyar ta mutu.

Ludayin ya zagaya. Wannan ya ba da haƙuri, wancan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata ta ce a sayo wa yarinyar kayan wasa ta zauna wuri ɗaya. Maganganun suna isowa kunnenta kamar daga ƙarƙashin ruwa. Tana kallon wani maɓalli da ya faɗi a ƙasa kusa da ƙafar Yaya, tana tunanin rigar waye.

Da ya kai hannun Dogo, ya daɗe yana juya shi.

"Ni dai zan faɗi abin da kowa ke tsoro," ya ce. "Da Agogo na nan, da wannan bai faru ba."

"Da Agogo na nan, da uwar tana gida ba aiki," in ji Rediyo.

"Ludayi, Rediyo," in ji Yaya.

"E, da tana gida," Dogo ya ci gaba, "amma da hannun yarinya lafiya lau. Jirgi ba ya tafiya da matuƙa goma. Ni a wajena ta ƙone. Ni nake jin ƙarar nan in na kwanta. Ko a naɗa mutum ɗaya mai cewa a yi a bari, ko a ce yara ba sa shigowa. Ba ƙiyayya ba ce, Maman Kumfa, Allah ya sani."

Ta sani. Shi ya ɗauki yarinyar da gudu, ba takalmi, har bakin titi.

Ya miƙo mata ludayin. Ta karɓa. Yana da ɗumin hannuwa, bakinsa ya tsage, garin sabulu ya daskare a cikin tsagin. Ta yi zaton muryarta za ta yi rawa, sai ta fito a miƙe kamar tana karanta lambar kaya.

"Na gode da haƙurin. Ba shi na zo nema ba. Yaya, ranar wa ke duba ta?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Mu duka."

"To. Ni ma na ɗaga hannu a kan haka, ban fi kowa ba. Amma Mu-duka ba shi da ido. Ba shi da ƙafar da zai bi yaro." Ta gyara wa yarinyar zama. "Ba na son a dawo da Agogo. Shi da kalma ɗaya zai sallame ni, ku kuwa ga shi kun kashe injina kuna saurarona. Sai dai mun iya raba magana, ba mu iya raba ido ba. Magana ba ma barin kowa ya yi lokaci ɗaya. Sai mai ludayi."

Ta ɗaga shi kaɗan.

"Haka nake so a yi da ita. Wanda wannan ke hannunsa, shi ke da yarinyar. Ya bar injinsa, ya bar dutsen guga, ba ya wani aiki. In ya gaji ya sa shi a hannun wani, hannu da hannu, ba a ajiye shi a kan tebur. Kayan da ya bari, sauran mu raba. Ni zan ɗauki kaso mafi yawa, kuma ina cikin masu riƙewa. Zai sa mu riƙa tashi a makare, ba zan ɓoye muku ba. In ba za ku iya ba ku faɗa min yau, ba zan riƙe kowa a rai ba."

Ruwa na ɗiga a wani wuri cikin magudana.

Rediyo ta miƙo hannu, aka ba ta. "To sabulun fa, da me za a auna? Da hular Dogo?"

"Akwai kofi," in ji Yaya.

Aka ja maganar. Mai wankin barguna ta ce ita ma tana da yara a gida masu jiranta, makarar nan ba wasa ba ce. Aka ce gaskiya ne. Wani ya ce a gwada zuwa lokacin da mahaifiyar Maman Kumfa za ta miƙe, a sake zama. Aka ce kuma wanda ransa bai kwanta ba, kada a tilasta masa riƙo.

Yaya ta ce a ɗaga hannu.

Ba su tashi fuu kamar na farko ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, wasu rabi-rabi. Mai barguna ba ta ɗaga ba. Dogo ma ya bar nasa a kan gwiwa, idonsa a ƙasa. Amma waɗanda suka ɗaga sun fi yawa, Yaya ta duba ta ce magana ta zauna.

Maman Kumfa ta jira ta ji wani abu, sanyi ko nauyi ya sauka. Babu. Ta miƙe kawai, ta ɗauki rigar aikinta ta saka.

Aka tayar da injina, ɗakin ya koma gurnaninsa. Yaya ce ta fara karɓa. Ta soke ludayin a ɗamararta, ta zauna a kan bokiti da yarinyar, Rediyo ta koma kan injinan tana mita cewa an mai da ita baiwa. Teburin ninki yana fuskantar bango. Maman Kumfa ta tsaya a karkace, rabin jikinta ga aiki, rabi ga ɗaki, zannuwan suna fitowa a murguɗe tana sakewa.

Wajen azahar ta ga Yaya ta miƙe tana dafe da ƙugu, tana neman wanda za ta ba. Kowa hannunsa a cike. Dogo ya kafe dutsen gugarsa, ya kashe shi daga bango, ya taɓa ya tabbatar. Ya zo ya miƙa hannu.

"Kai da ba ka ɗaga ba," in ji Yaya.

"An riga an yanke. Kawo."

Ya tsuguna, dogayen ƙafafunsa sun kusa kai masa kunne, ludayin a hannu ɗaya, gefen rigar yarinyar a ɗayan. Ya ɗebo mata kumfa a ciki. Ta tsoma hannun dama, ta ɗaga na hagun sama kamar yadda aka koya mata.

Maman Kumfa ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta juya ga bango, ta kama bakin zanin gado, ta haɗa kusurwa da kusurwa. Wannan karon ya zauna daidai. Ta ajiye shi, ta jawo na gaba.